Matar nan mai baƙaƙen kaya

Yau Asabar babu makaranta, kuma tun asuba aka ɗauke wuta, sai na ce bari in ƙarasa littafin nan da Zee ta ba ni aro tun kafin Sallah. The Woman in Black na Susan Hill, a 1983 ya fito. Ɗan siriri ne, zama ɗaya mutum zai cinye shi. Na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, rana tsaka, zafi ya ishi kowa, amma wallahi sai da tsikar jikina ta tashi.

Kun dai san ni da son labarin ban tsoro, to wannan daban ne. Babu jini, babu dodo mai ƙaho. Wani matashin lauya ne, Arthur Kipps, aka turo daga Landan ya tattara takardun wata tsohuwa da ta rasu, Alice Drablow. Gidanta shi kaɗai ne tsakiyar fadama a bakin teku, hanya ɗaya tal ke kai wa can, kuma in ruwan teku ya cika sai ya shanye hanyar, dole ka zauna har ya janye, ga hazo yana saukowa ba sallama. Abin da ya fi riƙe ni mutanen garin ne, kowa ya san wani abu, amma da ya ambaci matar da ya hango a wajen jana'iza sanye da baƙaƙen kaya sai fuskoki su canza a sako wani zance. Shirun nan nasu shi ya dinga ja na ina buɗe shafi bayan shafi. Sai kuma daren da ya ji wani abu yana bugawa a hankali daga ɗakin da ke kulle, 'yar karyar da aka ara masa, Spider, ta ƙame gashinta a miƙe tana gurnani, ashe kujera ce mai lilo a ɗakin yara take kaɗawa ba kowa a kanta. Kai! Daɗin abin shi ne kana jin tsoron amma ka san kana tsakar gidanku, ga tukunya a kan murhu.

Da murnata na tashi na samu Umma tana tsinkar zogale, na zauna ina taya ta ina ba ta labari. Ta ce ke dai Hauwa ba kya gajiya, wanda ya mutu ya mutu babu dawowa, in ma an ga wani abu to aljani ne. Na ce na sani Umma, labari ne, amma ki ji dalilinta. Sunanta Jennet, ta haihu ba aure, aka tilasta mata ta ba wa 'yar uwarta Alice ɗan. Daga baya aka yarda ta riƙa ganinsa da sharaɗin kada ta taɓa gaya masa ita ce uwarsa. Ran nan tana tsaye a taga tana jiran dawowarsa, keken dokin da ya ɗauko shi ya ɓace hanya cikin hazo ya nutse a fadamar. Tun bayan mutuwarta duk sanda aka gan ta sai yaro ya mutu a garin.

Umma ta ce Allah ya kyauta, ai muguwa ce. Na ce muguwa ce, ban wanke ta ba, amma ita fa ba a tambaye ta ba aka karɓe mata ɗa. Sai Umma ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, da wa ake tambaya?

Nan bakina ya mutu.

Don na san maganar Yaya Sadiya take. Ana yaye ta Hajiya ta Gumel ta ɗauke ta, 'yar fari ce, kuma uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari, kunya ce, har yau Umma ba ta kiran sunanta sai dai ta ce yarinyar nan ko ta Gumel. Ni duk tasowata na ɗauka abin bai dame ta ba. Ta ci gaba da tsinka ta ce riƙo zumunci ne, Hajiya ta riƙe ta da amana, ba ta rasa komai ba, kuma gaskiya ne ni shaida ce. Sai ta ƙara da cewa watan farko dai in ta zuba abinci sai ta ga ta ɗauko ƙaramin kwanon. Daga nan ta ce in je in duba wuta kar wake ya kama.

Ba na haɗa Umma da waccan matar, Allah ya kiyaye, namu riƙon da mutunci ake yinsa a cikin dangi. Amma tun lokacin zuciyata ta ƙi sakewa, shekara nawa muna gida ɗaya ban taɓa tunanin in tambaye ta ba sai da wata Baturiya ta rubuta labarin fatalwa.

Wuta ta dawo bayan la'asar. Abba ya shigo da kankana. Sadik ya ce akwai fim ɗin littafin na 2012 da Daniel Radcliffe, zai turo min, na ce ba yau ba.

Bayan isha na kira Yaya Sadiya. Yara na ta ihu a bayanta, muka yi maganar ankon bikin Fati, atamfar ta yi tsada, ita kalar ma ba ta yi mata ba. Na so in ce wani abu na rasa ta inda zan fara. Da za mu yi sallama ta ce ki gaishe min da Anti, haka take kiran Umma tun tana ƙarama. Na ce za ta ji, kuma na isar, Umma ta ce ina amsawa, ya jikin ƙaramin nata, ya daina tarin?