Alhamdulillahi 504 ta daina mutuwa a hanya, ashe leda ce

'Yan uwa yau kam barci zan yi har da minshari. Jiya na je Zariya na dawo Kaduna da Fijon nan ba ta yi ko tari ba, bayan sati bakwai tana wahalar da ni.

Waɗanda suka san motar sun san ta mahaifina ce, Peugeot 504 haɗin Kakuri, mai injin 1971cc da kafireta Solex, ta fi shekara shida a ajiye ƙarƙashin darbejiya kafin in sa mata hannu. Birki da lagireto da wayarin duk na gama da su tun bara, ba su ba ni wata wahala ba. Matsalar ita ce da safe mukulli ɗaya take tashi, silo ɗinta, wato aikin injin in tana tsaye ba a taka totur ba, lafiya lau kamar agogo, in ka bar ta a tsaye sai ta yi awa guda tana aiki, amma da zarar na hau babban titi na yi minti 15 ko 20 sai ta fara shiƙa tana fizga, in taka totur ta ƙi amsawa, sai ɗif. In na gangara gefe na jira kamar minti goma sai ta tashi kamar ba ita ba.

To kowa ya ji wannan zai ce zafi ne, nima haka na ce. Na fara da kwayil, wato abin da ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa filogi, tunda in na taɓa shi da ɗumi sosai, na sayi sabo naira dubu 18, wallahi har yanzu kuɗin nan na min ciwo don tsohon lafiyarsa ƙalau. Na canza kwandansa, na canza kwantak na saita tazarar bakinsa milimita 0.40, filogi huɗu sababbi, na sake duba faya oda, wato jerin yadda wuta ke bin silinda, 1-3-4-2, kuma ku tuna a injin nan silinda ta ɗaya tana can baya ne wajen giyabos, kar wanda ya fara ƙirga daga gaba. Duk a banza. A Kawo ta mutu min, a Mararrabar Jos ta mutu min da yara a ciki rana tsaka, ranar kam na dawo gida ko abinci ban iya ci ba, har na fara tunanin in kira masu saye su ɗauke ta.

Dattijon da nake zuwa garejinsa ran Asabar shi ya dawo da ni hanya. Na gama zayyana masa abin da na canza, ya ce kai yaro, lokacin da ta mutu ka duba wuta ce babu ko mai? Na ce Baba ai in na iso gida nake dubawa. Ya ce to a gida ai lafiyarta ƙalau, me za ka gani. Maganar nan ta shige ni sosai, don gaskiya sati biyar ina gwada mota a lokacin da ba ta da ciwo.

Washegari na fita da sifana da sukundireba a kujerar gaba, ƙanena na gefe. Tana mutuwa na yi maza na buɗe bonet, na zare wayar tsakiya daga kan distiributa mai rarraba wuta ga filogi na kusantar da ita jikin injin, ya murza mukulli, wuta shuɗiya tas tas tas. Kenan ba wuta ba ce. Na cire murfin iya kilina na leƙa maƙogwaron kafireta ina jan totur da hannu, ko ɗigo bai feso ba. Filtar mai ɗin nan ta roba da ake ganin cikinta, wayam. Nan na ce famfon mai ne, na kwance shi a gida, robar cikinsa ba ta tsage ba, bawul ɗinsa biyu na riƙewa, na sa yatsa a bakinsa ina danna hannun yana tsotsa da ƙarfinsa. Na yi zargin murfin tanki ko ya toshe iska ba ta shiga, na yi tafiya da shi a sassauce, ta sake mutuwa.

Sai gwajin galan. Na ɗaure galan mai lita huɗu da kyau, na ja tiyo daga cikinsa kai tsaye zuwa famfo, na toshe layin tanki, abin kashe gobara na kusa da ni don wannan gwajin ba wasa ba ne, kar wanda ya yi shi da sakaci. Na yi ta zagaye baifas har man ya kusa ƙarewa, ko gezau. A nan ne kuma na tuna wani abu da na daɗe ina gani ban ba shi muhimmanci ba, in tanki na cike, da wuya ta mutu, sai ya sauka ƙasa da rabi take tsiyar.

Na zuƙe man na sauke tankin, na bar shi ya sha iska kwana biyu a inuwa kafin in leƙa ta ramin gejin mai. Akwai tsatsa kam amma ba mai yawa ba. Na lanƙwasa waya na yi ta lalube, sai ga wata 'yar leda fara ta fito, faɗinta bai kai tafin hannuna ba, ta yi laushi tiɓis kamar fatar albasa, har da zagayen bakin bututu a jikinta inda ya riƙa tsotse ta. Na fi zargin ta shiga ne lokacin wahalar mai, irin ledar da 'yan bumburutu ke sawa a bakin jarka kafin su rufe. In ana gudu mai na kaɗawa famfo na ja da yawa, sai ta zo ta manne a bakin bututun, in injin ya mutu jan ya saki sai ta yi gaba abinta. Shi ya sa a silo ba ta taɓa yi ba, ni kuma ina can ina lissafin zafi.

Na wanke tankin, na hura layin da iska daga gaba zuwa baya, na sa sabuwar filta, na mayar da tsohon kwayil ɗin mahaifina wurinsa, sabon na cikin but. Da gangan na tafi Zariya da kwatan tanki don in tabbatar. Da na wuce daidai inda ta mutu min da yara sai da na ji ƙwalla.

Abin da ya rage yanzu giya ta biyu ce, tana ɗan gurzawa in na sauko daga ta uku da safe. Wanda ya taɓa buɗe giyabos ɗin 504 ya faɗa min ko canjin man giyabos ɗin kaɗai ya ishe shi kafin in taɓa komai.