Kallon tsuntsaye a filayen Bade lokacin hunturu

Duk wanda ya ji Dagona, fadamar nan ta tsuntsayen ruwa a ƙasar Bade ta Jihar Yobe, ruwa yake tunawa, dinya da kirinjijiya, shi ma Yarima Filip na Ingila abin da ya kawo shi kenan a 1989. Amma ni busasshen filin da ke bayan fadamar ne ya fi tafiya da ni, inda ciyawa ta yi fari fat, ƙarangiya na kama maka wando.

Mun fita bayan asuba a watan Janairu, sanyi na shiga ƙashi, ga hazo ya rufe ko'ina, madubin hangen nesan ma bai amfana komai ba sai wajen ƙarfe takwas da rana ta ɗan ɗaga. A hunturu sammako ba ya biya sosai, su kansu tsuntsayen a takure suke. Kuma ka sa rana a bayanka, in ba haka ba duk tsuntsu baƙi za ka gan shi.

Wani dattijo makiyayi ne ya gyara mana tafiyar. Bayan mun gaisa na ce Baba tsuntsaye muke nema, ya yi dariya ya ce, "Yaro, ai sai ku bi shanu." Wallahi kuwa, a gindin shanun nan ban da belbela ga wasu ƙanana masu ɗorawar ciki suna ta kaɗa jela suna cafke ƙwarin da kofato ke tayarwa, kuma wai waɗannan 'yan mitsi-mitsin daga Turai suke, sun ƙetare Bahar Rum da Sahara sun zo cin rani, wajen Maris ko Afrilu su juya. Can kuma wani shaho mai ruwan toka yana shawagi ƙasa-ƙasa dab da ciyawa, kansa a sunkuye, fara yake nema, shi ma baƙo ne. Inda aka sa wa ciyawa wuta kuwa shirwa ce cike a bakin hayaƙin, ana ta wawa.

Kar ka je neman shamuwa, ta damina ce, ta daɗe da yin kudu. Tuje kam mafarauta sun kusa ƙarar da shi, ban sa shi a ido ba.

Sannan ka fara kai gaisuwa wurin mai gari, don a wannan zamanin baƙo da madubi a daji abin zargi ne. Ka tafi da ruwa, man leɓe da tsumman goge madubi, ƙura ba ta raga masa.