Kwana ukun farko na bakwaini: saƙo daga Ingila zuwa gida Zariya

Aikin jinyar jarirai ne ya kawo ni Ingila, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai a ƙasar nan shi ne yadda ake lallaɓa bakwaini a kwana ukunsa na farko. Ɗaki tsit, an rage hasken fitila, an rufa mayafi a kan kwalbar da ake ɗumama shi a ciki. Kan yaro a saite yake da ƙirjinsa, ba a barin wuyansa ya karkace. Ko ƙunzugu za a canza masa, ba a ɗaga ƙafafunsa sama da kansa. Duk don gudun zubar jini a ƙwaƙwalwa.

A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai ramuka da ruwa ke gudana a cikinsu. A gefen ramukan, ɗan tayi yana da tarin ƙananan jijiyoyin jini masu rauni ƙwarai, waɗanda ke janyewa kafin ciki ya cika. Wanda aka haifa kafin mako 32, ko nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba, da su yake fitowa. Ga shi ƙwaƙwalwarsa ba ta iya daidaita jinin da ke shigarta ba tukuna, da ya yi sama ko ƙasa sai jijiya ta fashe. Wahalar numfashi na jawo haka, da sanyi, da shigar ƙwayoyin cuta, da ƙarin ruwa da aka tura da sauri, da girgizar hanya. Kusan rabin masu zubar jinin a ranar farko suke yi, tara cikin goma kafin a cika kwana uku.

Nan ne raina ke ɓaci idan na tuna gida. Naƙuda ta taso a wata bakwai, sai a ce a dakata a gani. A haihu a ɗaki, a yi wa yaro wanka, 'yan barka su yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Sai ya fara nishi a naɗe shi a zani, a hau Keke daga Tudun Wada ko Kusfa a nufi asibitin koyarwa na Shika, cikin hunturu, ana faɗawa ramuka. A wannan tafiyar sau da yawa ake yin ɓarnar. Cikin uwa ya fi kowace mota, don haka uwar za a kai tun faya ba ta fashe ba.

Idan ta isa da wuri akwai abin yi. Tsakanin mako 24 da 34 ana yi mata allurar deksametason, miligiram 6 duk awa 12, sau huɗu. Tana nunar da huhun yaro, tana kuma rage zubar jinin, kuma ba ta da tsada. Kafin mako 32 ana ƙara ruwan magnesiyam don kare ƙwaƙwalwa. Bayan haihuwa a jinkirta yanke cibiya aƙalla minti ɗaya, a riƙe ɗumin jikinsa tsakanin digiri 36.5 da 37.5 a ma'aunin Celsius.

Yawanci zubar ba ta nuna alama, sai an ɗora na'urar hoto a maɗigar yaro. Tun 1978 likitoci ke raba ta mataki huɗu. Na ɗaya da na biyu, jinin kan tsotse da kansa, galibin yaran su tashi lafiya. A na uku jini ya cika ramukan har sun buɗe, a na huɗu naman ƙwaƙwalwa ya taɓu. Waɗannan biyun su ke kawo rasa rai, ko galahanga, ko farfaɗiya, ko wahalar karatu daga baya. Jinin da ya daskare yana iya toshe hanyar ruwa kai ya yi ta girma, shi ya sa ake auna kai da tef duk mako. Idan maɗiga ta kumbura ta yi tauri, ko idanu suna kallon ƙasa, a koma asibiti a ranar. Wani sai an saka masa siririn bututu ya riƙa sauke ruwan zuwa ciki.

Amma da duk na'urorin mutanen Ingila, akwai abin da muka fi su. Mai jego a nan ita kaɗai za ta wuni a gaban kwalba, ba uwa ba gwaggo, ba mai kawo mata kunun kanwa. Idan na gan su haka sai kewar gidanmu ta kama ni, inda mace ba ta yin arba'in ita kaɗai. Wannan taron namu shi bakwaini ke buƙata bayan sallama: masu karɓar uwa a goyon ƙirji, fata da fata, da mai raka ta a duba ji da ganin yaron, da gashin ƙashi idan ya makara wajen zama.

Inna, Gwaggo, ku ake jin maganarku a gida. Idan wata cikin ƙannena ta fara ciwon mara ko zubar ruwa ciki bai cika ba, ku sa a fita da ita a lokacin, ko da tsakar dare ne, da katin awonta a hannu. Wanka da wanzami da 'yan barka su jira sai likita ya ba da izini.