Wasiƙa Daga Fulorida: Mutumin Fiji Da Legas Ta Buɗe Wa Hanya

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina fatan kuna lafiya, da iyali da harkoki.

Daga Jacksonville nake rubuto muku, kusa da Ponte Vedra Beach, inda hedikwatar PGA Tour take, wato uwar gasar ƙwallon lambu (golf) ta Amurka. A Ponte Vedra ɗin ne Vijay Singh, shahararren ɗan wasan golf, ya daɗe da zama. Na san da an ce golf a gida, sai a tuna manyan mutane da yaran da ke ɗaukar musu jakar sanduna a Kaduna ko Jos. To wannan bawan Allah bai fito daga gidan masu hali ba.

An haife shi a Lautoka ta ƙasar Fiji a 1963, asalinsu 'yan Indiya ne. Mahaifinsa makanikin jirgin sama ne, shi ya fara koya masa riƙe sanda. Ya zama ƙwararre a 1982, amma a 1985 aka zarge shi da gyara makinsa a katin wasa a Indunusiya, aka dakatar da shi daga gasar Asiya. Ya musanta har yau. Ku sani, a wasan nan ɗan wasa ne ke sa hannu a katinsa, don haka irin wannan zargi ya fi faɗuwa a gasa muni. Sai ya ɓuya a tsibirin Borneo yana koyar da 'yan kulob a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ragowar lokacinsa kuwa yana dukan ƙwallo cikin zafin rana.

Abin da ya sa ni ɗaukar alƙalami shi ne, farfaɗowarsa ta biyo ta ƙasarmu. Ya ci gasar Nigerian Open a Legas a 1988, ya kuma maimaita a 1989. Daga nan ya samu gindin zama a Turai, a 1993 ya shigo Amurka. Mu ma fa muna da gasar da Turawa ke yi wa tururuwa a da, ina ta shiga yanzu?

Manyan kofuna uku ya ɗauka: PGA Championship a 1998 da 2004, da Masters a 2000. Shekarar 2004 kuwa ba a magana. Gasa 9 ya lashe, ya tara sama da dala miliyan 10, kuma a watan Satumba ya ƙwace matsayin na ɗaya a duniya daga hannun Tiger Woods, wanda ya yi mako 264 a jere yana kai. Lokacin Singh yana da shekara 41. Cikin nasarorinsa 34 a PGA Tour, 22 bayan ya haura arba'in ya same su.

Ba mutum ne mai shiga rai ba, gaskiya. 'Yan jarida ba su ji daɗinsa ba, kuma maganar da ya yi a 2003 ta sukar shigar Annika Sorenstam, fitacciyar 'yar wasan golf, gasar maza ta jawo masa baƙin jini. A ganina ya yi kuskure a nan. Amma ko masu ƙinsa a garin nan, in ka tambaye su, za su ce maka shi ne na ƙarshen barin filin atisaye, sai duhu ya hana shi ganin inda ƙwallo ke faɗuwa.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan'uwanku a Fulorida