Abin da na koya a ɗakin baya na shagon katunan besbol

Ƙarshen watan nan zan bar shagon da na daɗe ina yi wa aiki a nan jihar Ohio, shagon saye da sayar da tsofaffin katunan 'yan wasan besbol. Duk wanda ya taɓa leƙa irin wannan shago a Amurka ya san tsarinsa: akwatin gilashi a gaba, da fitila da kwaɗo, nan manyan kaya suke, sai ɗakin baya inda ake jibge kwalaye. Ni a ɗakin baya aka ajiye ni tun farko. Makullin gilashi yana hannun maigida da ɗan yayarsa, ni kuwa aikina tsince tarkace, in ware na dala ɗaya in zuba a kwando.

Maigidan namu sunaye biyu ya riƙe, Mickey Mantle da Honus Wagner, shahararrun 'yan wasan besbol na da. Kasuwar ce ta koya masa haka. A 2022 an sayar da katin Mantle na kamfanin Topps, bugun 1952, a kan dala miliyan 12.6. A shekarar kuma katin Wagner na T206, irin wanda ake sakawa cikin kwalin taba daga 1909 zuwa 1911, ya haura dala miliyan 7. Tun daga nan idon kowa ya koma can, duk katin da bai fito daga manyan kamfanonin kati ba sai a ce takarda ce.

Abin da ya raba ni da shi wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu. Ta shigo da kwalayen takalmi cike da kati. Maigida ya ɗaga murfi, ya ga an yanka su da almakashi, ya taɓe baki ya turo mini in duba a baya. Galibinsu na Post ne, kamfanin abincin karin kumallo da ya riƙa buga katuna a bayan kwalinsa daga 1961 zuwa 1963. Gefen wasu a karkace yake, kana gani ka san hannun yaro ne ya yanka. Can ƙasa kuma, cikin wani ambulan da ya tsufa har ya yi ja, na tarar da katunan Red Heart na 1954, duka 33, ba wanda ya ɓace. Red Heart abincin kare ne. Mutum ya kan aika wa kamfanin takardar gwangwani da 'yan kuɗi kaɗan, a turo masa kati goma sha ɗaya ta gidan waya, kashi uku ne, ja da kore da shuɗi. Akwai Mantle a ciki, akwai kuma Stan Musial, wanda a shekarar ba ya cikin Topps, ba ya cikin Bowman, ɗaya babban kamfanin katin, bai ma shiga Topps ba sai 1958. Hannuna har rawa yake da na ɗauko shi.

Na fito na raɗa wa maigida abin da na gani. Ya ce in yi shiru. Ya juya ya taya mata kwalayen gaba ɗaya a kuɗin da bai kai darajar katin Musial shi kaɗai ba. Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami. Na kasa jurewa, na ce mata, "Mama, ki kai wani shago su duba miki kafin ki sallama." Ta dube ni, ta dube shi, ta ce mijinta ya daɗe yana ciniki a nan, ta yarda da shi. Ta karɓi kuɗin, har da godiya.

Tana fita ya rufe ni da faɗa a gaban abokan ciniki. Wai me mutumin Afirka ya sani game da besbol, wai ni baƙo ne a ƙasar, baƙo a sana'ar. Satin da ya biyo baya ya rage mini awannin aiki. Katunan kuwa ya aika da su PSA, kamfanin da ke tantance kati ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, suka dawo cikin roba, ya jera su a gilashi yana gaya wa mutane idonsa ne ya gano su. La'adar da ya yi mini alkawari a kan duk abin da na tsinto a baya, ko sisi ban gani ba. Ba kuɗin ne suka fi ci mini rai ba. Matar nan amanar mijinta ta kawo, aka ci da ita tana godiya.

Daga ranar na daina kallon gilashi, na duƙufa a kan abin da ake watso mini. Wanda na fi ƙauna shi ne katunan kamfanin Fleer na 1963. Topps ya ɗaure 'yan wasa da yarjejeniyar da ta hana wani sayar da katinsu tare da cingam ko alewa, sai Fleer ya saka ɗan biskit a madadin cingam. Kati 66 kawai suka fito, ba a sake buga kashi na biyu ba. Amma dubi waɗanda ke ciki: Willie Mays, Sandy Koufax, Roberto Clemente, da Maury Wills, wanda ya zama gwarzon rukuninsa a 1962 alhali ba shi da katinsa na kansa a Topps sai 1967. Mutum mai matsakaicin ƙarfi zai iya haɗa su duka a hankali, abin da ba zai yi mafarkinsa ba da Topps na 1952. Wanda ke wahalar samu shi ne katin jerin sunaye, don yara sun riƙa yi masa alama da biro suna jefarwa.

Topps Giants na 1964 kati 60 ne manya, kusan girman katin gaisuwa, hotunansu fes, kuma suna da araha domin da yawa sun tsira lafiya. Diamond Stars na 1934 zuwa 1936, kati 108 masu zane mai launi, an yi watsi da su ne kawai don babu manyan taurarin zamanin, Babe Ruth da Lou Gehrig, a ciki. Bowman na 1955, mai siffar akwatin talabijin, shi ne na ƙarshe kafin Topps ya saye kamfanin a 1956, har alƙalan wasa an saka a ciki. Na Kellogg's, wani kamfanin abincin karin kumallo, masu hoto mai zurfi, da suka fara a 1970, suna tsagewa kuma suna nannaɗewa, a duba su da kyau a gaban fitila. Duk katin da masana'anta ta yanka, a auna shi da rula kafin a biya, akwai masu aske gefe don ya yi kama da sabo.

Akwai wanda ya fi taɓa ni. Kafin Jackie Robinson ya shiga babbar gasa a 1947, manyan kamfanonin katin Amurka ba sa buga 'yan wasa baƙar fata. Wanda ke neman Oscar Charleston, tauraron gasannin baƙar fata, sai ya bi katunan Kyuba na 1923 zuwa 1924. Shahararren katin Josh Gibson, wani tauraron nasu, a Puerto Rico aka buga shi, wajen 1950, bayan rasuwarsa. Sai a 2020 hukumar babbar gasar ta amince cewa gasannin baƙar fata manya ne, a 2024 kuma aka haɗa alƙalumansu, Gibson ya hau saman kowa a tarihin iya bugu. Na daɗe ina roƙon maigida ya ware ko da ɗan lungu ne saboda irin waɗannan, yana cewa ba mai saye. Yanzu da ake shigowa ana tambaya, ɗan yayarsa ya ɗora a kai.

Da na gaya masa zan tafi, bai tambaye ni dalili ba. Abin da ya nema shi ne in bar masa littafin da nake rubuta bayanin kowane kashi, da lambobin da ke wahalar samu, da yadda ake gane na jabu. Ban ba shi ba. Da kuɗina na sayi littafin, a lokacin hutuna na cika shi, kuma da shi zan kafa teburina a kasuwar kati ta ƙarshen mako.