Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shafin Waɗanda Suka Daina Zuwa

Makon jiya na yi alƙawarin labarin kekena na farko. Ku yi haƙuri. Daren Talata tarin wani maƙwabci ya hana ni barci, duk inda na juya Yaya nake gani.

Hunturun 1984 ne, zamanin sojan Buhari, ana bin layin sabulu da madara a Kano. Mu shida muke kwana a shagon zaure, tagarsa kamar tafin hannu, ita ma mun toshe ta da tsumma saboda sanyi. Yaya yana aiki a wata masaƙa a Bompai. Tun kaka yake tari. Da la'asar zazzaɓi, da dare gumi har tabarma ta jiƙe, kullum yana ƙara jan mazagin wando. Ranar da ya tofar da kaki da jini a bayan rijiya ni kaɗai na gani. Na faɗa wa Inna, Inna ta faɗa wa Baffa, don tun rasuwar Baba gidan a hannunsa yake.

Baffa ya tara mu. "Sanyi ne da ƙurar auduga," in ji shi. "Kada na sake jin wani ya ambaci tarin fuka a gidan nan." An riga an sa ranar auren Yaya, ga kuma 'yan matan Baffa biyu sun tasa. A lokacin gadon gida ake ɗaukar ciwon, gidan da aka sani da shi ba a neman aure a cikinsa. Iya tana kaɗi a bakin ƙofarta, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi." Baffa ya ce, "Iya, ki bar ni da yaran nan." Aka shiga rubutu da hayaƙi da jiƙo, da zuma da man shanu. Asibitin Zana kuwa, wanda duk garin aka san can ake kai mai irin wannan tari, ko kuɗin tasi ba ya buƙata daga unguwarmu.

Bari na tsallaka, zan dawo. A 1989 na sami aikin malamin rajista a wani asibitin gwamnati, ɓangaren masu ciwon ƙirji. A nan na gane abin da aka hana Yaya. Kaki ake karɓa sau uku a duba a madubin likita, wani a yi masa hoton ƙirji. In an ga ƙwayar cutar, allurar sitireptomaisin kullum har wata biyu, mutane suna ce mata allura sittin, sannan ƙwayoyi har shekara ta cika. Allurar tana sa jiri, wasu ta taɓa musu ji. Amma ana warkewa. Da idona na ga wanda aka shigo da shi a amalanke ya dawo yana tuƙa nasa keken.

Littafin rajistar babba ne, kowane suna da gurbin ƙarshensa: ya warke, ya mutu, an mayar da shi wani wuri, ya daina zuwa. "Ya mutu" ba na rubuta shi sai wanda ya cika a gadonmu, ko wanda danginsa suka dawo da kati, su kuwa ƙalilan ne. Gurbin "ya daina zuwa" shi yake cinye min tawada. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986 magani ya yi ta yankewa, a rubuta wa mutum takarda ya tafi kasuwar Sabon Gari, ya sayi na sati biyu, tari ya lafa, kuɗi ya ƙare. Wata rana na bi adireshin wani tela a Fagge don na yi masa faɗa, na tarar an yi sadakar arba'in ɗinsa. A littafina yana raye, mai taurin kai ne kawai. Haka nake tara alƙaluma a aika sama, daga can a ce ga adadin waɗanda tarin fuka ya kashe a Kano. Garin da mutum zai cika da hantsi, kafin azahar an rufe shi, ba takarda ba tambaya. Yaya ma ko gurbin "ya daina zuwa" bai samu ba, tunda bai taɓa zuwa ba.

Ni na zuba ruwa ranar wankansa, ina da shekara 18. Da aka yaye mayafi, liman ya yi salati. Haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, ana iya ƙirgawa daga bakin ƙofa. Surukin da ake ɓoye wa yana tsaye a wurin. Na kalli Baffa, Baffa ya kalli buta. Cibin da Iya ta faɗa ke nan. A Ƙofar Mazugal muka kai shi, masu gaisuwa aka ce musu ciwon ajali ne. Cikin mu biyar da muka rage a shago, biyu sun yi tarin daga baya, kuma har yau Baffa bai ce yana da hannu a ciki ba. Ina cewa har yau, alhali ya daɗe da rasuwa. Allah ya jiƙansa, amma na faɗa.

A 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana tarin fuka a matsayin matsalar gaggawa ta duniya, aka kawo tsarin shan magani a gaban ma'aikaci, wata takwas, kyauta, har da jar ƙwayar nan mai mayar da fitsari ja. Wata safiya a waɗannan shekarun na ɗago kai daga littafi, sai ga Baffa a layi, ya rufe baki da gefen rawani. Ya matso ya rage murya, "Ɗana, ba za a yi min a gida ba?" Na ce, "Baffa, doka ce, a nan ake sha." Na miƙa masa kwalbar kaki a gaban jama'a, na rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Ya cika watanninsa takwas, ni na cike gurbinsa da hannuna: ya warke. Iya ba ta ga wannan ranar ba.

Keken sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.