Tsamin zufa ne, ko warin hammata mai naci?

Wanda ya shiga Keke Napep daga Kawo zuwa Kasuwar Bacci a Kaduna a zafin Afrilu, in ya sauka yana tsami babu laifi, wanka ɗaya zai raba shi da shi. Abin dubawa shi ne warin da ke dawowa tun jiki bai gama bushewa ba, har a sanyin hunturu.

Zufa iri biyu ce. Ta goshi da baya ruwa ce da gishiri, ba ta wari sai ta jima a tufa. Ɗayar kuwa daga gindin gashin hammata da na mara take fitowa, mai kauri da maiƙo, kuma sai an balaga take farawa. Bakteriyar da ke zaune a fata ce ke narka ta, ta fitar da warin nan mai kama da na albasa.

Ga yadda za a gwada. A bar tafarnuwa, ɗanyar albasa da hulba na kwana 2, domin suna fita ta zufa. Da safe a wanke hammata da sabulu na minti 2, a tsane sosai, a sa wankakkiyar singiletin auduga, ban da turare, ban da humra. A zauna a inuwa. Bayan awa 2 a goga farin ƙyalle a shinshina. In ba a ji komai ba, zufa ce kawai, ko kuma rigar ce mai laifi: yadin roba yana riƙe wari ko an wanke shi. In warin ya dawo, to mai naci ne.

A kuma duba gashin da kyau. Wani abu rawaya da ya manne masa, wanda wanka bai cirewa, tarin bakteriya ne, aski ne matakin farko.

Rol-on mai sinadarin aluminiyam da dare ake shafa shi, a busasshiyar fata, don ya toshe ƙofofin zufa kafin gari ya waye. Mutane da yawa da safe suke shafawa a jiƙaƙƙen jiki, sannan su ce bai aiki. Lemun tsami kuwa don Allah a bar shi, musamman bayan aski: yana ƙona fata, ya bar baƙin tabo.

In an yi makonni a haka babu sauyi, ko fatar ta sauya launi tana ƙaiƙayi, ko warin ya zo farat ɗaya tare da yawan ƙishirwa da fitsari, a je asibiti, kamar na koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna, a duba fatar a kuma auna suga.